Ranar da Mai Gemu Ya Buɗe Tulun Abba

"Ki ja zaren nan da kyau, Auta. Cinyar rago kike ɗaurewa, ba kitso kike yi ba."

"Abba, na ja fa. Dubi yatsuna."

"Ki ƙara. Inda ya yi sako-sako, nan ne ke fara ƙonewa."

Muna cikin ɗan ɗakin ajiyar da ke bayan kicin, ƙofa a rufe. Ni ina sunkuye a kan tebur, shi yana tsaye a kaina, hannayensa cikin manyan safar hannun nan nasa na fata da ba ya rabuwa da su ranar gashi. Tun jiya na zare ƙashin cinyar, na shafe ta da tafarnuwa da citta da gishiri da lemun tsami, ta kwana a firji tana shan haɗi. Yanzu na nannaɗe ta na ɗaure, na soka doguwar sandar ƙarfen ta tsakiyarta. Abba ya sa na ɗora sandar a tafukan hannuna na mirgina ta a hankali, don a ji ko wani gefe ya fi wani nauyi. Ya ce idan nama ya karkata, ɗan injin da ke juya sandar wahala zai yi ta sha har ya mutu.

'Yan uwa, bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Duk naman da dangi ke lashe yatsu a kansa tun bara suna cewa hannun Abba daban ne, ni nake ɗaure shi. Hannun Abba ya fara rawa. Da farko kaɗan ne, sai ya ɗauki shayi ka ji kofi na ƙara a kan faranti. Daga baya ƙulla zare ya gagare shi. Ranar da ya kira ni ɗakin nan ya miƙo min zaren bai ce komai ba, ni ma ban tambaya ba. Shi yake fita da sandar a hannu, shi ake yaba wa, ni kuma in wanke hannu in koma yanka albasa. Wallahi ban taɓa jin haushi ba. Gashin Asabar shi ne abin da ya rage wa Abba tun da ya bar aiki.

Saura yatsun ƙarfe guda biyu da ake cusawa a naman ta kowane gefe, a murɗe notinsu, don naman ya riƙa juyawa tare da sandar. Na murɗe na hagu tam. Na kai hannu kan na dama ke nan, wayata ta motsa a aljihu, a daidai lokacin kuma Umma ta ƙwala wa Abba kira wai mai gas ya iso. Yana fita na zaro wayar.

"Hayaƙi, na shigo layinku. Wace addu'a ake yi wa mutumin da za a gasa?"

Na toshe baki ina dariya. Saurayina ne. Shi kaɗai ke kira na Hayaƙi, saboda ranar da muka fara haɗuwa a shagon kayan kicin, ina neman zaren ɗaurin nama, ya ce mayafina ƙanshin gawayi yake yi, kuma bai taɓa jin turaren da ya fi shi ba. Ni kuma a wayata Mai Gemu na sa masa. Zanen gine-gine yake yi, amma in kun ga yadda yake tattalin gemun nan, da ɗan matajinsa da mansa mai ƙanshi, za ku rantse shi ne babban ginin da ya taɓa zanawa.

Na rubuta masa: "Abu ɗaya na gaya maka. Kada ka taɓa murfi." Ya turo hoton zuciya. Na tsaya ina kallon hoton kamar wata sokuwa har Abba ya dawo ya ɗauki sandar ya fita.

Ku riƙe notin daman nan a ranku. Ni dai na manta da shi.

Ga wanda bai san gidanmu ba, murhun gashi biyu ne a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar lemo. Akwai na gas, dogo mai ƙyalli, wanda Abba ke cewa na masu gaggawa ne, a nan kaji ke juyawa, kitsensu na ɗiga a kan tiren dankali. Sai kuma ɗan lelen, baƙin murhu na tangaran mai ƙaton ciki da murfi mai nauyi, wanda muke kira Tulu. Gawayi yake ci, kuma in ya ɗauki zafi ya riƙe ke nan har yamma, muddin ba a buɗe shi ba. A kan Tulun nan Abba ke gwada duk wanda ya zo neman 'yarsa. Zai ɗora nama, ya rufe, ya zaunar da saurayi a gabansa, ya ce kada ya taɓa murfin, sannan ya shige ciki abinsa. A ganin Abba, namijin da ƙanshi kaɗai zai sa ya ɗaga murfi ba zai iya haƙuri da mace ba. Mijin Yaya Babba ya zauna kamar an dasa shi, ya ci jarrabawar. Mijin Yaya Ƙarama ya ci don ta tsegunta masa. Wani da ya taɓa zuwa wurina kuwa ya buɗe don ya ɗauki hoto ya sa a waya, ko ruwan gidanmu bai ƙara sha ba.

To ni yanzu ta ƙure min. Na gama karatu, ƙawayena duk sun watse gidajensu, kuma Gwaggo, ƙanwar Abba, ta sa ni a gaba da maganar ɗan ƙawarta, wani mai jar mota wanda in ya fara ba ka labarin kansa sai shayinka ya huce. Abba ne ke tare min. Amma a makon jiya ya gaya min a gaban Umma cewa in wannan ma ya faɗi, shi ya cire bakinsa, in saurari na Gwaggo. Don haka yau ba cinyar rago kaɗai ce a kan wuta ba.

Na haye sama na sa doguwar rigata ruwan zuma mai ƙananan duwatsu a wuya, na yafa mayafi ruwan madara, na ɗan zizara kwalli. Hannuna sai da na wanke shi da lemun tsami har ya yi ja, don kada wani ya ji tafarnuwa ya yi tambaya. Ina saukowa na hango shi ta taga. Farar riga mai dogon hannu, wando ruwan toka, gemun nan ya sha mai sai sheƙi yake yi. Ya rusuna ya gaida Abba. Abba ya zare safar hannu ɗaya suka yi musabaha, ya yi maza ya mayar. Zuciyata kamar ta fito ta je ta tsaya kusa da shi.

Abba ya zagaya da shi yana bayani, shi kuma yana ta gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Ya nuna masa kajin da ke juyawa a kan gas, ya nuna masa ƙofar iskar Tulu ta ƙasa da ta sama, ya rage su saura ɗan siriri. Ya ɗora sandar, ya zura bakinta a injin, ya kunna, ya sauke murfi.

"Zan shiga in watsa ruwa, samari. Ga kujera. Komai za ka ji, komai za ka shaƙa, murfin nan ba naka ba ne."

"In Allah ya yarda, Abba."

Kowa ya shige. Dokar ita ce ba mai fita sai Abba ya dawo. Mazan yayyena suka tafi falo kallon ƙwallo, mu kuma muka cunkushe a tagar kicin bayan labule, ni da Yaya Ƙarama da Gwaggo. Gwaggo ta kawo kujera har bakin ƙofa ta zauna, jakarta a cinya, tana cewa ita dai masu gemun nan ba ta yarda da su ba, duk ƙarfinsu a gemun yake ƙarewa. Yaya ta ce ai gara gemu da jar mota, ko ba komai gemu ba ya shan fetur. Umma tana ta yanka kabeji abinta.

Da farko komai lafiya. Injin na ta ɗan gurnaninsa mai daɗi, siririn farin hayaƙi na fita ta saman Tulu, ƙanshi ya cika gidan. Mai Gemu ya harɗe hannu ya zauna, har da ɗaga wa tagarmu gira, don ya san ina nan. Na ji kamar in yi tsalle. Har na fara tunanin kalar labulen da zan sa a falona.

Sai na ji sautin ya sauya.

Wanda bai saba ba ba zai lura ba. Injin ya ja da ƙyar kamar mai hawa tudu, sai wani abu ya faɗa tim a cikin Tulu. Ya sake ja, ya sake faɗawa. Na san wannan sautin. Naman ya zame daga yatsun ƙarfen, ya zube gefe guda, gefe mai nauyin yana rataye a kan garwashi. A lokacin ne notin dama ya faɗo min a rai.

Waya ta motsa. "Hayaƙi, injin nan kuka yake yi."

"Kada ka taɓa."

"Hayaƙin ya koma baƙi. Kitse ne ke zuba a wuta. Naman Abba na ƙonewa."

Na kwasa da gudu sama. Ƙofar Abba a kulle, ruwa na zuba a banɗaki, rediyonsa na ta surutu. Na buga, na kira, shiru. Na sauko ina tattare riga, na nufi ƙofar baya, Gwaggo ta miƙe ƙafa ta tare hanya, wai ina zan je, so nake in taya shi satar amsa? Ba damar in ce mata na san abin da ya lalace, don tambaya ta gaba ita ce ta yaya na sani.

Na koma taga ina rubutu. "Ka bar shi ya ƙone. Ni kake so ko nama?"

Na ga ya karanta. Ya daɗe yana kallon wayar. Sannan amsa ta shigo.

"Ke nake so. Shi ya sa ba zan zauna ina kallon abin mahaifinki yana lalacewa don in ci jarrabawa ba."

Ya kife wayar a kan kujera ya miƙe.

Jama'a, abu ɗaya ne ban taɓa koya masa ba, don ban taɓa zaton zai buƙata ba. Tulu in ya daɗe a rufe, yunwar iska yake ji. Ba a ɗaga murfinsa gaba ɗaya. Sai ka ɗan ɗaga kaɗan ya shaƙi iska, ka mayar, ka sake, sannan ka buɗe. Na rubuta masa "ɗaga kaɗan tukuna", na tura, ina kallon wayar tana haske a ƙarƙashin kanta a kan kujera, ba mai dubawa.

Ya kama mariƙin ya ɗaga da ƙarfinsa.

Wuta ta yi tsalle ta fito kamar dama jiransa take. Yaya ta saki ƙara, Gwaggo ta yi salati. Ya ja baya yana kakkaɓe fuska, na ce shi ke nan, zai ruga. Bai ruga ba. Ya fizgi tawul ɗin da ke rataye a jikin murhun gas, ya naɗe hannu, ya kashe injin da ya riga ya fara warin ƙonewa, ya zare shi ya ajiye a ƙasa. Ya ɗauki abin kama nama ya tura cinyar ta koma tsakiya, ya danna yatsun ƙarfen a ciki, ya murɗe notin ta cikin tawul yana cije leɓe. Ya sauke murfi. Sannan ya kama ƙarshen sandar ya fara juya ta da hannunsa, a hankali, daidai yadda injin yake yi.

Da ya juyo, sai muka ga ɓarnar. Gemun nan na gefen dama ya tafi, ya murmushe kamar ciyawar da aka yi wa wuta, girar dama ma saura rabi. Farar rigar ta zama abin tausayi. Yaya Ƙarama ta zauna a ƙasan kicin tana dariya har da hawaye, tana ba ni haƙuri tana ƙarawa. Ni kuma ina tsaye ina kallon mutumin nan mai rabin gemu, gumi na zuba, yana juya naman ubana, na ji duk duniya ba wanda ya kai shi kyau.

Gwaggo ta riga ta zaro waya. Na ji tana ce wa mai jar motar nan ya taho yanzu-yanzu, hanya ta buɗe.

Abba ya fito da sabuwar riga, safar hannunsa a hannu, mu duka muka biyo shi, har da masu kallon ƙwallo. Ya kalli injin a ƙasa, ya kalli baƙin tabon da wuta ta bari a bakin Tulu, ya kalli gemun.

"Wa ya ce ka buɗe?"

"Ba kowa, Abba."

"Me ya sami naman?"

Mai Gemu ya sunkuyar da kai, ya ce shi ne ya jingina da sandar bisa kuskure, ta goce, komai laifinsa ne. Duk wannan maganar hannunsa bai daina juyawa ba.

Abba ya ɗan ɗaga murfin, ya mayar, ya sake ɗagawa, sannan ya buɗe. Ya leƙa ya daɗe yana kallon notin dama. Ya rufe.

"Jingina ba ta kwance noti. Ka karya min doka, ka kuma ƙara min da ƙarya."

Gwaggo ta gyara zaman mayafinta, ta ce ai dama ta faɗa. Na kalli Mai Gemu, na gane abin da ya yi. Bai san ni nake ɗaurin ba. A zatonsa Abba ne ya manta notin, shi ne ya ɗauki laifin don kada dattijo ya ji kunya a gaban surukansa. In na yi shiru, ya tafi ke nan da sunan maƙaryaci. In na yi magana, asirin Abba ne zai fito fili. Na kalli Abba, na kalli safar hannun nan.

"Abba, ni ce. Notin dama ne ban murɗe ba."

Yaya Babba ta juyo tana tambaya me ya haɗa ni da notin Abba, tun yaushe ma ake barin wani ya taɓa sandar.

Abba ya yi ajiyar zuciya. Ya sa haƙori ya zare safar hannun dama, ya zare ta hagu, ya miƙa hannayensa a gabanmu. Suna rawa, a fili, cikin hasken rana. Ya ce tun bara ko zare ba ya iya ƙullawa, duk naman da suka ci suka yaba, Auta ce. Idon Yaya Ƙarama ya kawo ruwa, wannan karon ba na dariya ba.

Umma ta goge hannu a zaninta, ta ce, "To, an dai huta. Ni da nake wanke rigunan da shayi ke zuba a kai, kuna zaton ban sani ba? Ku biyu kuna ta rufe ƙofar ɗakin ajiya kamar masu haɗa bam. Jibi za mu je asibiti, kuma ba shawara nake nema ba."

Abba ya yi 'yar dariyar kunya, irin wadda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya juya ga Mai Gemu ya tambaye shi ko ya lura da rawar hannun. Ya ce eh, lokacin da suka gaisa.

"Shi ne ka ɗauki laifin tsoho ka ɗora a kanka." Abba ya girgiza kai, ya kalli mazan yayyena. "Ku duba nan. Faɗa nake masa, amma hannunsa bai tsaya ba. Ku da kuka ci jarrabawa, da ku ne, da yanzu toka za mu ci."

Mijin Yaya Babba ya ce shi ai umarni ya bi. Yaya ta ce masa ya yi shiru, shi ko gidan ne ke ci da wuta sai ya jira umarni.

Da lokaci ya yi, ni Abba ya ce in sauke sandar, a gaban kowa. Na kwance zaren, muka bar naman ya huta a ƙarƙashin takardar ƙarfe don ruwansa ya koma ciki. Sannan Abba ya ɗauki wuƙarsa, wadda ko Umma ba ta taɓawa, ya miƙo min ta wajen mariƙi. Gefe ɗaya ya ƙone baƙi ƙirin, na yanke shi na ajiye. Sauran kuwa, ina sa wuƙa ruwa ya biyo ta, tururi ya tashi, bayan ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, cikin laushi kamar ba nama ba. Mai Gemu yana gefe, Umma ta ba shi ƙanƙara a tsumma ya dafe kunci, yana satar kallona da gira ɗaya da rabi.

Sai muka ji hon a ƙofar gida, dogo, har sau biyu, irin na wanda ya saba a buɗe masa da sauri.

Gwaggo ta miƙe fuskarta a washe. Ta ce wa Abba, Yaya, magana dai magana ce, yaron nan ya buɗe murfi kowa ya gani, kuma kai da bakinka ka ce in ya faɗi ka cire baki. Ga ɗan mutane can a waje ya taso takanas.

Abba ya ɗauki yanka ɗaya da yatsunsa masu rawa, bai ɓoye su ba, ya kai baki ya tauna a hankali.

"Haka na ce, kuma na cire bakina. Wadda ta riƙe min sanda shekara guda ba ta buƙatar in zaɓa mata. Auta, muna jin ki."

Duk idanu suka dawo kaina. Hon ya sake tashi. Wuƙa na hannuna, mayafina ya sha hayaƙi. Na ajiye wuƙar, na kalli Gwaggo ido cikin ido, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni.

"Gwaggo, a buɗe masa ya shigo ya ci nama, baƙo ne. Amma a gaya masa tun daga bakin ƙofa: ni na riga na zaɓa. Wannan mai rabin gemun zan aura."